Man Ƙanshi a Kan Gyambona

Na dawo daga aikin layin dogo da gyambo a ƙwauri. Ƙarfe ne ya yanke ni, aka sallame ni, na taho Tudun Wada gidan yayana, don ba ni da wani wurin. A lokacin unguwar ba ta wuce gidajen ƙasa 'yan kaɗan da bukkokin baƙi ba. Yayana maɗinkin riguna ne, manyan mutane na zama a zaurensa. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zauren.

Kafin a jima ciwon ya fara wari. Ni ma ina ji. Masu kawo ɗinki suka riƙa toshe hanci da bakin rawani.

Wani kukun Bature da Yaya ke yi wa ɗinki ya kawo masa 'yar kwalba. Ya ce man wata ciyawa ne mai ƙanshin lemon tsami, irin wadda Turawa ke shukawa a bakin gidajensu saboda sauro. Ina kwance na ji yana cewa, "Malam, ɗigo ɗaya a ruwan zafi ya ishi ɗaki. In za a shafa a jiki, sai an gauraya da man gyaɗa mai yawa. Zallansa ƙuna yake yi. Kada ya je kusa da ido ko ciwo."

Matar Yaya ta riƙa ɗiga shi a kaskon ruwan zafi tana ajiye min. Tururin ya kori sauro, kaina ya daina sarawa, na sami barci. Amma warin bai tafi ba, sai dai ya haɗu da ƙanshin.

Ranar da wasu malamai za su zo daga Gyallesu karɓar rigunansu, Yaya ya shigo da hantsi, kwalbar a hannunsa, maƙwabta biyu a bayansa.

Na ce, "Yaya, ai ka ji abin da mutumin ya faɗa."

Ya ce, "Na ji. Kai kuma ka ji abin da ake faɗa a kan gidana?"

Suka danne ni. Ya kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi ya tsiyaya man a cikin ciwon. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ya tura min hulata a baki, ya ce kada in ba shi kunya. Ya fita ya shimfiɗa wa baƙinsa tabarma. Ta jikin bango na ji ɗayansu yana yabon ƙanshin zauren, Yaya yana dariya yana godiya.

Sai da suka tafi matarsa ta shigo da man gyaɗa. Ta wanke wurin tana kuka ba sauti. Fatar gefen ciwon duk ta tashi ta yi ruwa, gyambon ya ninka faɗinsa.

Da la'asar Yaya ya leƙo, ya shaƙi iska, ya ce, "Har yanzu akwai saura." Washegari ya sa aka ɗora ni a jaki aka kai ni wajen wata gwaggonmu a Dutsen Abba. Ita da wani wanzami suka yi jinyata har damina ta wuce. Ciwon ya rufe, jijiyar ta ƙanƙance, ban sake taka ƙafar daidai ba.

Mun ci gaba da haɗuwa da Yaya a wajen suna da jana'iza. Kullum sai ya tambaye ni ya ƙafa, ni kuma in ce da sauƙi.