'Yar'azumi, Kin Tafi Ba Ki Yarda Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga watan Rajab, cikin shekarar 1955, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminiyata 'Yar'azumi a ɗakin mijinta a Guri, bayan jinyar sanƙarau ta kwana biyar. Uku daga cikin kwanakin nan ba wanda ya sani. Ɗaure kanta ta yi da ɗankwali tana ta aiki, tana cewa zafin rana ne, wai kada ta ɗaga wa mutane hankali. Da ƙanwarta Asabe ta zo Haɗeja ta faɗa mini haka, kafin hawaye ya zubo sai da na ce, "Halinta ke nan!" Allah ya yafe mini.

'Yar'azumi, ni ce Safara'u. Shekara talatin na yi ina yi miki faɗa, ga shi kin tafi ban gama ba.

Tare muka tashi a Guri, zana ɗaya ce tsakanin gidanmu da naku. Muna 'yan shekara tara agana ta shigo gari, ta tsallake ni ta kama ki, ta bar miki zanzana a fuska. Tun daga nan kika yanke wa kanki hukuncin da ba alƙalin da ya yanke miki. In muka je dandali, bayan kowa kike tsayawa. In aka yabi kitsonki, ki ce hannun mai kitso ne. Da kika girma kika kama bandar kifi, fatake tun daga Nguru suke zuwa suna tambayar bandar 'Yar'azumi, amma in an faɗa miki sai ki ce itacen ne mai kyau. Itace! Kamar sauran matan garin da duwatsu suke hura wuta.

Ba zan manta shekarar da kogi ya cika ya cinye hanya ba. Ina da cikin fari, naƙuda ta tsaya mini kwana biyu, maza duk sun tafi tare ruwa a gonakin shinkafa. Ke kika kwance kwalekwalen babanku, kika ɗora ni da innata, kika tuƙa da gora tun sassafe har azahar, sai ƙauyen ungozoma. Fatar tafin hannunki ta saɓule, ba ki nuna wa kowa ba. Na sauka lafiya. Da muka ce za a sa wa jaririyar sunanki na yanka, kika zo har ƙasa kina roƙon maigidana wai kada a ɓata wa yarinya sa'a. Muka ƙi jin taki, yarinya kuwa ga ta nan da 'ya'yanta biyu.

Sai maganar Tukur, telan nan na kasuwar Haɗeja, mai keken ɗinki da zaƙin baki. Ba wanda ya tilasta ki, ke kika gani kika so, kika aure shi. Da kunnena na ji ya ce miki a gaban baƙi, "Ja mayafi ki rufe fuskar nan, kada ki kore mini masu ɗinki." Kika yi dariya, kika ja mayafin. Ya sake ki, kika zo ɗakina da ƙullin kayanki. Idda ba ta cika ba ya aiko ya mai da ke, kika tashi da ɗoki kina ɗaure kaya. Na tare ƙofa na ce ba inda za ki. Kika ce, "Safara'u, in ba shi ba, wa zai kwashe ni?" Kwasa, sai ka ce shara. Haka aka yi a saki na biyu. Ranar da ya cika na uku ni kam tuwo na tuƙa na raba wa maƙwabta sadaka, ke kuwa kina zaune a kan tabarmata kina lissafin abin da kika yi masa ba daidai ba, har da gishirin miya.

Bayan kin koma Guri Allah ya kawo Zarami, masunci, mutum mai kunya wanda matarsa ta rasu. Ya zo zawarci, kika ce ba'a ce. Ya dawo, kika ce lalle Asabe yake nema, ɓatan kai ya yi. Har tura masa ita kika yi ta gaishe shi! Bawan Allah ya amsa gaisuwa ya ce, "Koma ki gaya wa yayarki, idona ƙalau yake." Damina biyu yana sintiri, kina ɓuya a bayan rumbu.

A nan ne na yi abin da har gobe yake cina. Na zo Guri takanas, na zage ki tas. Na ce ke wawiya ce, na ce akuya ma ta san mai ba ta dusa. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Gaskiyarki ce." Na fita a fusace, na yi wata huɗu ban yi miki magana ba. Duk ranar kasuwa kuwa sai ga kifi banda daga gare ki, ba saƙo ba ƙorafi. Sai daga baya na gane, irin sunkuyawar da kike yi wa Tukur ce kika yi mini, da irin amsar. Ina ganin gyara ki nake yi, ashe ƙara miki kaya nake yi a kan wanda kike ɗauke da shi. Ki yafe mini, ƙawata. Na san da kina nan cewa za ki yi ba komai, laifinki ne, ni kuma in sake hasala.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aurenku da Zarami. Wata bakwai kacal kika samu. Na ziyarce ki bayan girbin shinkafa, na tarar kin yi ƙiba, kina dariya har da ƙyaƙyatawa. Mutumin yana ƙofar gida yana gyaran koma, kowane ɗan lokaci sai ya leƙo ya tambaya ko baƙuwa ta sha ruwa, alhali kowa ya san ba ni yake leƙe ba. Da zan tafi kika ja ni gefe kika raɗa mini, "Kina ganin bai gaji da ni ba?" Na ɗaga hannu sama kawai, na kama hanya.

Da ma an ba ki aron ido ranar zaman makoki. Mata daga Kaugama, daga Kafin Hausa, da wata Bafulatana da kika yi jinyarta wata guda ba wanda ya sani, duk sun zo, har tabarmi suka ƙare aka zauna a ƙasa. Tukur ma ya zo. Daga bayan zana nake jin kukansa ya fi na kowa, yana faɗin ba a taɓa yin mace irinki ba. Ba don makoki ba ne da na fita na tambaye shi yaushe idonsa ya buɗe. Zarami kuwa, an ce tun safe abu ɗaya yake maimaitawa: "Da ma ta gaya mini kanta na ciwo."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Uwa da ta haife ki, da Asabe, da Malam Zarami wanda ya yi haƙurin da ni na kasa, da dukan mutanen Guri. Allah ya ba mu dangana. Ya Allah ka ji ƙan baiwarka 'Yar'azumi, ka sa ciwon nan ya zama kaffara, ka yalwata kabarinta, ka haskaka fuskarta ranar tsayuwa. Ka sanya ta cikin Aljanna Firdausi. In kuma aka buɗe mata ƙofa aka kira sunanta, ya Allah ka sa ta shiga kai tsaye, kada ta tsaya waige tana zaton wata ake kira. Amin.