Ƙafafun Jigon Obrad

Shekara talatin da ɗaya Obrad Jeftić ya yi yana ɗaukar bidiyon bikin aure a ƙauyukan da ke tsakanin Trstenik da Kraljevo. Duk gidan da ka shiga a yankin, in ka buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin za ka tarar da aikinsa, kaset ne ko faifai, da sunan ango da amarya cikin rubutunsa mai kama da tonon kaza. Shi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. An san tarinsa, don yakan shiga faifan, amma yaran da suka girma suna kallon bikin iyayensu ba za su iya nuna shi a kasuwa ba.

Da can a masana'anta yake, yana gogar ƙarfe. Da masana'antar ta durƙushe, sai ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani ɗan uwansa da ya dawo daga Jamus, ya shiga bin bukukuwa. Mutum ne marar surutu. A wurin biki ba ya kurɓar rakiya, barasar da ake dafawa a yankin, ko da uban ango ne ya miƙo masa, kabejin biki kuma a tsaye yake cinsa, ido ɗaya a kan faranti, ɗaya a kan amarya. Matarsa Stamena takan ce ita kyamara ta aura, mutumin kyauta aka haɗa mata da shi.

Shekara shida da suka wuce ya sayi jigo, wato dogon hannun ƙarfen nan da ake ɗaura kyamara a bakinsa, a rataya nauyi a gindinsa, sai ta tashi sama ta leƙo masu rawa daga bisa kawunansu. Kuɗinsa duk suka tafi a kan jigon, saboda haka ƙafafun da zai zauna a kansu sai ya sayi masu araha. A kwalinsu an rubuta suna ɗaukar kilo goma. Obrad ya ce kyamarata kilo huɗu ce, ai har da rara. Sai da ya dawo gida ya tuna hannun ƙarfen kansa kilo tara ne, nauyin gindi kuma kilo goma sha shida. Wani zai mayar wa mai kanti. Shi bai mayar ba, don kunyar a ce Obrad bai iya lissafi ba. Sai ya koyi aiki da ƙafarsa ta hagu a danne kan ƙafar ƙarfen, hannunsa na dama riƙe da gindin jigo. Haka ya yi shekara shida, bai taɓa sakin abin nan ya matsa taku biyu ba.

To, a bazarar bara 'yarsa Nevena ta zo daga Linz, can ƙasar waje, inda take aikin jinya, ta ce za ta yi aure a watan Satumba, kuma a gida za a yi. Suna cin abincin rana ta ajiye cokali.

"Baba, abu ɗaya nake so. Ina so in zauna a can in kunna faifan bikina in gan ka a ciki. Kana tsaye a ƙofa kusa da Mama."

"To wa zai ɗauka?"

"A kira wani mana."

"Wa? Yaran nan da ke yanke wa mutane kai?"

Stamena ta ce, "Kin ji ko? Na gaya miki. Ko ranar jana'izarsa sai ya tashi ya gyara wa mai ɗauka tsayuwa."

Obrad ya ci gaba da cin abincinsa. Ya san maganar 'yarsa gaskiya ce, kuma ta taɓa shi, don yarinyar sau ɗaya take zuwa gida a shekara. Amma a ce wani ya shigo gidansa da kyamara, wannan kam bai iya haɗiye shi ba. Kwana biyu yana juya abin, a rana ta uku ya ce ya samo mafita. Zai kafa jigon a tsakar gida, ya ɗaga kyamarar sama inda za ta kama ƙofa da sandar tuffar da ango zai harbo bisa al'ada gaba ɗaya, ya ɗaure, ya kunna, ya je ya tsaya kusa da matarsa. Abin da ya rage kawai shi ne ƙafafun da za su riƙe kilo ashirin da tara su kaɗai, ba wanda ya danne su.

Ya hau bas ya je Belgrade. A kantin kayan ɗaukar hoto wani matashi mai gemu ya nuna masa waɗanda suka dace, baƙaƙe, masu kauri, ya ce yuro dubu ɗaya da ɗari. Obrad ya shafa su, ya tsuguna ya duba kusoshinsu, ya yi godiya ya fito. Kuɗin sun kai na ragunan bikin duka da na tanti. A intanet ya ga wasu masu araha, na dinar dubu tara a kuɗin ƙasarsu, an rubuta kilo talatin a jikinsu, amma shi da abin da aka rubuta a kwali sun riga sun ɓata.

Kum ɗinsa Dobrivoje, wato aminin da ya tsaya masa ranar aurensa, makaɗi ne, kuma a ganinsa babu matsalar da kayan makaɗa ba za su warware ba. Ya kawo masa ƙafar lasifika a bayan mota.

"Kum, wannan kilo arba'in take ɗauka, tun safe har a watse. Kyauta na ba ka."

Suka ɗora jigon a kai. Ta ɗauka kam. Amma da Obrad ya juya hannun ƙarfen, sai sandar tsakiya ta yi ta karkarwa, kyamarar tana gyaɗa kai a sama.

"Lasifika zama take yi, kum. Wannan kuwa juyawa yake."

"Ai ka ce ɗaure shi za ka yi."

"In iska ta taso fa?"

"In iska ta taso ai har tantin ma tafiya zai yi, kai da kyamara kake ji."

Ranar Asabar a kasuwar tsofaffin kaya ta Kraljevo ya ci karo da Svetozar, tsohon safiyo wanda ya auna rabin gonakin yankin kafin ya yi ritaya. Ya shimfiɗa kayansa a kan bargo, a gefe kuma ga ƙafafun na'urar awonsa a jingine, na katako, fentinsu ruwan ɗorawa duk ya goge, kowace ƙafa da tsinin ƙarfe da ɗan mataki na dannawa cikin ƙasa. Obrad ya ɗaga su ya ji nauyi, ya buɗe su, ya dafa kansu da dukan jikinsa. Ko ƙara ba su yi ba.

"Kawu Svetozar, nawa?"

"Gona za ka auna?"

"Kyamara zan ɗora."

"Shekara talatin da biyar suna tsayawa a gangaren dutse, iska na kaɗawa, layina bai taɓa kaucewa da faɗin yatsa ba. Yanzu kuma rawar 'yan biki za su kalla. Kawo dubu biyar."

"Huɗu."

"Huɗu da kwalbar rakiya, ta gidanka, ba ta kanti ba."

Zaren kusar da ke kansu bai dace da na jigon ba, amma wannan ba komai ba ne ga wanda ya yi shekara goma sha biyu yana gogar ƙarfe. Ya yanko farantin ƙarfe, ya huda, ya ɗaure. Sannan ya kafa su a tsakar gida, ya danna tsinin cikin ƙasa da dunduniya, ya rataya musu buhun masara mai kilo hamsin, ya bar su kwana uku. Stamena ta shanya tawul a jikinsu. Da ya sauke buhun ya auna, ba su nutse ba, ba su karkata ba. Ranar ya yi murna ƙwarai, har ya buga wa Nevena waya ya ce ta kwantar da hankalinta, magana ta ƙare.

Ranar bikin tun da hantsi aka ɗaure tuffa a kan doguwar sanda, aka kafa a bakin ƙofa. Ango ba ya shiga gidan amarya sai ya harbo ta. Obrad ya sa kwat ɗin da aka ɗinka masa, ya ɗaga jigon, ya saita kyamarar ta kama sandar da ƙofar da filin da ango zai tsaya. Har layi ya ja da farar ƙasa a filin. Ya ɗaure, ya kunna, ya je ya tsaya kusa da Stamena. Hannuwansa ya rasa inda zai sa su, sai ya zuba su a aljihu.

Motocin dangin ango suka iso da oda da kiɗa. Aka miƙa wa Rastko, angon, bindigar farauta. Yaron kirki ne, amma a Linz ya girma, abin da ya saba riƙewa bai wuce sitiyarin mota ba. Ya tsaya a kan layin ya harba, tuffa ko motsi. Ya sake harbawa, ganye ya zubo daga itacen maƙwabta.

Dobrivoje ya daina kiɗa ya ce, "Ango, ta sama ake nufi, mai ja ɗin nan."

"A kawo masa tsani ya tsinko ta da hannu," in ji wata tsohuwa.

Wani kawun ango ya kama kafaɗarsa ya ja shi gefe, wajen katanga, ya ce daga nan rana ba za ta shiga idonsa ba. Jama'a duk suka bi su. Obrad yana kallo. Shekara talatin da ɗaya sun sa ba ya bukatar leƙawa kafin ya san iyakar abin da kyamararsa ke gani, kuma ya san yanzu fili take ɗauka wayam, da layin farar ƙasa. Ango ya fita daga hoto da taku huɗu.

Stamena ta riƙe hannun kwat ɗinsa ba tare da ta dube shi ba. "Obrad, tsaya a nan."

"Minti ɗaya. In juya shi kawai."

Ya kwance ɗaurin, ya kama gindin jigon. Bai taɓa jin abin ya yi masa biyayya irin haka ba. Babu karkarwa, babu dannewa da ƙafa, hannun ƙarfen yana tafiya sumul duk inda ya nufa. Ya kama Rastko yana saiti, ya ɗaga sama daidai lokacin da tuffar ta tarwatse, ya sauko a hankali ta kan kawunan masu guɗa har bakin ƙofa, inda yayan Nevena ya fito da ita. A duk rayuwarsa bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Daga nan sai coci, daga coci sai tanti, sai rawa, kuma kowane wuri akwai abin da ba zai yiwu a bari ya wuce ba. Minti ɗayan nan bai ƙare ba sai da aka watse.

Faifan awa huɗu ne da minti goma. A farkonsa, daga can sama, ana ganin wani mutum cikin kwat a tsaye kusa da Stamena, kansa a sunkuye, sanƙonsa yana ƙyalli. Minti shida ya yi, sannan ya fita ta gefen hagu. Lokacin da amarya ta fito, ana ganinta ta dubi mahaifiyarta, ta dubi wurin da ke gefenta, sannan ta ɗaga kai ta dubi kyamara, ta yi murmushin da ake yi wa mai hoto. Obrad ya maimaita wurin nan sau da yawa yana gyaran faifan, ya so ya yanke shi, bai yanke ba.

Bayan sati uku Nevena ta bugo daga Linz. Ta ce faifan ya iso, ya yi kyau, abokan aikinta sun ce kamar na talabijin. Ya tambaye ta ko ta lura da yadda tuffar ta fashe, ta ce ta lura. 

"Baba, in ka samu lokaci ka aiko min da hotonka. Kowane iri ne."

Shi da Stamena suka juye kabad da akwatuna. Hotunan da baƙin biki suka turo, duk ƙeyarsa ce ko kyamara ta rufe masa fuska. A ƙarshe ya ciro katin shaidarsa daga walat, ya ajiye a kan tebur kusa da taga inda haske ya fi kyau, ya ɗauki hoton da ke jiki ya tura mata.