Guntun Kara a Aljihun Kwat

A rumfar Dikson mai kayan mota, kusa da tashar jirgin Kafanchan, wani dattijo na tsugune gaban tarin sifirin, ƙarafan da ke riƙe da nauyin mota. Kwat ɗinsa ta sha guga har gwiwar hannu na ƙyalli. Wataƙila tsohon hedimasta ne, don ko tambaya zai yi sai ya ɗaga yatsa. Motarsa na bakin titi, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya. Ta tsufa, amma tana shan wanki.

Gajerun sifirin yake nema, don motar ta sauko ƙasa.

"Baba, a nan kowa ɗaga mota yake yi," in ji Dikson. "Hanyar Kagoma za ta cinye maka salansa."

"Ni ma na ɗaga ta, lokacin da nake zuwa gonar citta."

Sai ya zaro guntun kara daga aljihu, ya je ya tsayar da shi a ƙofar fasinja. Bakin ƙofar ya ɗara karan da yatsa uku.

"Iyakar inda matata Afiniki ke iya ɗaga ƙafa ke nan, tun da ta yi ciwo. Ta ce ba ta komawa coci in dai ɗaukarta za a yi kamar buhu a gaban zumuntar mata."

Dikson ya sassauta murya. "Ramukan fa, Baba?"

Dattijon na mayar da karan aljihu, yana murmushi. "A hankali zan bi su, ɗana. Shekara arba'in tana cewa in rage gudu."