Dutsen da Na Tsayar a Gidan Kawu

Ina saurayi na koyi fasa dutse a tsaunukan yammacin Ummadurman. Maigidana ba ya son dogon bayani. Wata shekara da ruwan Nilu ya janye, ya kai ni gaɓa ya tsaga ta da magirbi. Laka a kan yashi, yashi a kan laka, kowace ambaliya da nata shimfiɗin.

"Ka ga dutsenmu tun yana jariri," in ji shi. "Na sama ya danne na ƙasa, ruwa ya tsiyaye, ƙwayoyin su manne. In za ka yi gini, kwantar da shi yadda Allah ya kwantar da shi. Ka tsayar da shi, ruwa zai bi tsakanin shimfiɗun ya ɓare shi."

Ban manta ba. Akwai kuma abin da ban manta ba tun a Jazira: ranar da wani ɗan'uwan mahaifiyata, shugaban masu tsinkar auduga, ya mari mahaifina a gaban mata, wai ya zuba yashi a buhu don ya yi nauyi. Mahaifina bai sake ɗaga kai a gonar nan ba har ya rasu.

Da kawun ya sami fili a unguwar Umbadda, ni ya kira.

"Ɗan ƙanwata, zo ka ɗora mini tushe. Amma ban da yashi a buhu, ka ji?" Ya yi dariya.

Na ce, "To, Kawu."

Duk dutsen da ya biyo ta hannuna na tsayar da shi, fuskarsa mai santsi tana kallon titi. Ya yi kyau ƙwarai, har Kawu yana kiran maƙwabta su gani.

Damina ta yi ta zuwa. Na kan bi ta layin in ga tushen yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, in ji sanyi a raina. Daga baya bangon ɗakin gabas ya zube. Ba a kan Kawu ya zube ba, yana masallaci. Matarsa ce ta karye a ƙugu, wadda take kawo mini shayi kullum ina aikin.

Wannan kam ina neman gafarar Allah a kansa. Na koma na sake tushen a kwance, ɗakinta kaɗai. Kawu ya leƙo ya ce, "Sauran fa?"

Na ce masa sauran lafiyarsu ƙalau.