Layukan da Baba Ya Ce Ya Gani

Akwai wani yammaci a Gwiwa da ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Mahaifina ne mai duban wata a unguwarmu. Tun ina ƙarama, in azumi ya matso, shi ake sa wa ido a bayan masallaci, don yakan riga kowa hango jinjirin wata. Ni kuwa karatu ya kai ni fannin taurari, har nake aikin auna faɗin waɗanda ko a madubin hangen nesa ɗigo ne kawai. Yakan tsokane ni wai na gaji idonsa amma na haɗa da ƙarfe.

Ana jibi duban wata na zo gida da ƙaramin madubina. Bayan magariba na kafa shi a tsakar gida, na sa masa kwali mai huda biyu. Na yi wa Baba bayani cewa hasken tauraro in ya shiga ta hudojin ya haɗu, yakan fito da siraran layuka, haske da duhu. A manyan na'urori ana ta nisanta hudojin har layukan su dusashe, daga nan ake lissafa faɗin tauraron.

Na rufe bakin madubin saboda hayaƙin murhu, na je ɗauko masa kujera. Da na dawo na tarar ya riga ya sunkuya, ya kafa ido.

"Uwata, ga su nan kuwa," in ji shi. "Siri-siri, kamar yadda kika ce."

Murfin yana nan a rufe. Sai a lokacin na tuna yadda yake lalubar buta, da yadda ya daina hawa kekensa zuwa kasuwa. Na ce, "Haka ne, Baba," na juya don kada muryata ta tona ni.

Ranar duban wata mutane suka taru suna jiransa. Ya daɗe yana fuskantar yamma, sannan ya ce, "Jama'a, ku nemi wani. Ni ban ga komai ba, kuma ba zan sa ku azumi da ƙarya ba." A hanyar gida ya riƙe hannuna. "Ke kaɗai na yi wa ƙarya, Uwata. Na ji yadda kike murna ne."

Bai sake ganin wata ba har ya rasu. Tun daga ranar, in tsoho ya ce min lafiya lau yake, ba na tsayawa a bakinsa, sai na kalli yadda hannunsa ke neman buta.