Yaya Afiniki da Gidan Baba Kumai

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, Ubangiji ya kira yayata, Afiniki Kumai, a garin Kafanchan, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. Labarin bai iso ni nan Fatakwal ba sai bayan an binne ta. Malam Lawal, wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke bin layin nan, shi ne ya zo har sito na kayan gini inda nake aiki, ya cire hula, ya faɗa mini a tsaye. Na ce masa na gode. Na koma na gama loda wa wani mai mota kwanon rufi, lokacin abinci ya yi na ci, na cinye. Har yau da nake wannan rubutu hawaye bai zo ba. Ban hana shi ba, bai dai zo ba.

Tare da labarin rasuwar, Malam Lawal ya kawo saƙon dangi. Gidan da mahaifinmu ya gina, inda ke, Yaya, kika zauna tun da mijinki ya rasu, a al'ada nawa ne, don ni kaɗai ne ɗa namiji. 'Yarki Clara da yaranta, waɗanda suke ciki yanzu, jinin wani gida ne. Silvanus, ɗan ƙanen Baba, ya ce akwai ɗan kwangila da ke son filin ya rushe ya jera shaguna, kuma dangi na jiran kalmata. Zan ba su amsa kafin in ajiye alƙalami. Amma ba zan fara da su ba. Da ke zan fara, Yaya.

Ke kika goya ni bayan Mama ta tafi. Ke kika ɗinka mini rigar makaranta ta farko a kan kekenki, kika yi ta babba da gangan, na yi ta yawo a cikinta kamar an rataye ta a kan sanda har na girma na cika ta. Lokacin da aka sallame ni da abokan aikina daga aikin gwamnati shekarun baya, ba tare da an gaya wa ko ɗayanmu laifinsa ba, kowa a gida yana da tambaya. Ke ba ki yi ko ɗaya ba. Sai dai in ga Malam Lawal da ƙullin acca da citta, ya ce Afiniki ta ce ka ci. Mai sayen ɗinki da ba ta da hali, ba ki taɓa riƙe mata kaya ranar Kirsimeti ba. Waɗannan kowa ya sani, kuma na tabbata matan zumunta sun faɗe su a bakin kabari fiye da yadda zan iya.

Abin da ya shiga tsakaninmu shi ne gidan, kuma ba zan ɓoye shi don kin mutu ba.

Wanda bai san gidan ba, ga yadda yake. Baba kafinta ne, ya yi shekaru yana gyara gidajen Turawan jirgin ƙasa, sai a 1951 ya ce shi ma zai yi irin nasu. Ya yi baranda mai ginshiƙan katako. Ya yi tagogin maɗaci masu haƙarƙari, waɗanda iska ke ratsawa ko an rufe, da hinji da sakata na tagulla. Ya zuba daɓen jan siminti. Ya yi murhun jin ɗumi a falo, da bututun hayaƙi a saman rufi. Ƙofar shiga kuwa ya yi ta gajera, matsattsiya, kamar ta ɗakin kakanmu a Kagoma, don a ganinsa mutum ba ya shiga gidan mutane kansa a miƙe.

Da guguwar farkon damina ta yaye kusurwar rufin shekara biyu da suka wuce, aka duba aka ga gara ta cinye rabin tagogin. Na ce to, lokaci ya yi. Na haɗa akwatunan gilashin taga irin na yayi, masu firam na alminiyom, da ledar shimfiɗa mai furanni, na sa a jirgi. Ina so mutane su wuce su ce ɗan Kumai yana Kudu kuma bai manta gida ba. Ba zan ce ban so haka ba.

Ke kuwa kika sa aka ɗauki akwatunan daga tasha aka wuce da su majami'a, inda ake ƙarin gini. Ranar Lahadi fasto ya karanta sunana a matsayin wanda ya ba da kyauta, aka yi mini tafi, aka yi mini addu'a. Ni ban ba da ba. Har yanzu ina ganin ba ki kyauta ba, Yaya. Da kin tambaye ni. Da na ƙi, gaskiya ne, amma da kin tambaye ni.

Sauran labarin daga bakin mutane na ji shi. A wannan shekarar ana ta cire tagogin katako daga tsofaffin gidajen ma'aikata ana sa gilashi, mata na kwasar na katakon su hura wuta. Hajjo mai nono, wadda ta saba sauke ƙwaryarta a barandarmu tun muna yara, ita ce idonki. Duk gidan da ta kai nono ta ga an jingine taga a bayan kicin, sai ta zo ta gaya miki. Ke kuma ki ɗauki damin itace busasshe a ka, ki je ki ce wa matar gida ga wanda ya fi ci da wuta, ba ni wancan. An yi miki dariya a kasuwa. An ce Afiniki ta fara tsince-tsince, a lura da ita. Wasu tagogin ma Baba ne ya yi su da hannunsa, kin gane su da yadda yake fiƙe kan katako.

Kin zauna a baranda kina kankare tsohon fenti da fasasshen kwalba har yatsunki suka farfashe, ɗinki ya tsaya. Kin jiƙa hinji da sakata a ruwan tsamiya, kin goge su da toka sai da launinsu ya dawo. Inda daɓe ya tsage, kin aika har Jos neman jan garin da ake gauraya siminti da shi. Bai zo daidai da na da ba, ya fi haske, kika bar facin a fili, kika yi ta murza shi da kyandir da kananzir kowace Asabar kina jiran ya tsufa ya kamo ɗan'uwansa.

Sai maganar murhu, wadda har gobe ban yarda da ke a kanta ba. Baba ya ga murhu a cikin falon Bature, ya ga bututu a kan rufi, amma bai taɓa ganin abin da ke cikin bango tsakaninsu ba. Ya yi ramin da gwiwa, hayaƙi ba ya hawa. Sau ɗaya aka kunna shi muna yara, muka fito tsakar gida muna tari, Mama na dariya har tana riƙe ciki, Baba bai sake maganarsa ba har ya mutu. Da magini ya buɗe wurin lokacin gyara, ya ce zai iya miƙe ramin, aikin yini guda ne. Kika ce ya mayar da shi yadda ya same shi, gwiwar da komai. Kaza ce ke ƙwai a ciki yanzu. Wannan ba riƙon amana ba ne, Yaya, taurin kai ne, kuma na gaya miki haka a fuskarki.

Kirsimetin bara ne na gaya miki, zuwana na ƙarshe. Na sauka daga jirgi da fushina, na zo shiga, na manta, goshina ya daki katakon saman ƙofa har na ga wuta. Kina zaune kan keke, ba ki ko ɗago ba.

"Sannu da zuwa, babban mutum," kika ce. "Gidan ya gaishe ka."

Na ce ai ko wannan ƙofar kin bari a ɗaga ta.

"Ƙofan bai yi gajere ba, Zamani. Kai ne ka yi tsawo ba dalili. Zauna in sa maka man zafi."

Na zauna. Rana ta ratso haƙarƙarin taga ta kwanta layi-layi a kan jan daɓe, ɗakin da sanyi kamar randa, alhali waje na ƙuna. Ƙamshin kyandir da kananzir ɗin nan ne, wanda na sani tun ina yaro. Ban ce ya yi kyau ba. Na yi ƙorafin murhu, na yi ƙorafin gilashina, na kwana biyu na koma. Amma gaskiya ita ce duk yawon da na yi a ƙasar nan ban shiga ɗakin da ya kai wancan daɗin zama ba, kuma da gilashin da na aiko aka sa, da tanda ya zama.

Malam Lawal ya ba ni labarin ranar binnewa. An haɗa akwatin gawa a cikin falo, aka kwantar da ke, aka yi waƙa, da aka zo fita akwatin ya ƙi wuce ƙofa. Aka karkata shi, ya ƙi. Wani ya ruga ya ɗauko guduma don a ɓalle katakon gefe. Clara ta tsaya a bakin ƙofar, ba kuka, ba ihu, ta ce ba a gaban uwarta ba. Dattawa suka yi ta magana. A ƙarshe matan zumunta ne suka ɗauke ki a cikin zane, suka sunkuya suka fito da ke, maza suka fitar da akwatin ba kowa ciki, a tsaye, aka mayar da ke cikinsa a baranda. Malam Lawal ya ce wasu sun ga abin bai dace ba. Ni da ya gaya mini ban ji komai ba. Na tambaye shi ko katakon ƙofar ya karce, ya ce a'a.

To, ga amsata ga dangi. Silvanus bai yi ƙarya ba, al'ada ta ba ni gidan, kuma ban zarge shi don ya faɗa ba. Gidan nan kaɗai ne abin da na mallaka a duniya. Ɗakin haya nake a nan, ƙarfina na raguwa, kuma na daɗe ina lissafin cewa ranar da na kasa ɗaga kwano, filin nan ne zai riƙe ni. Na cire wannan daga raina. Ba za a sayar ba, ba za a rushe ba. Clara da yaranta za su zauna, ba a matsayin baƙi ba. Wanda zai ce mata jinin wani gida ce, ya fara nuna mini tagar da ya ɗauko a kansa. Na rubuta wannan a fili ne don kada gobe a ce ba a ji ba, kuma don kada ni kaina in canza in wuya ta yi wuya.

Clara, gidan naki ne ki kula da shi yadda kika ga dama. In kin ga ki miƙe murhun, ki miƙe, ba za ki ji daga bakina ba. Kada ki ajiye mini ɗaki. Ban san ranar da zan zo ba.

Ubangiji Allah ya karɓi baiwarsa Afiniki cikin jinƙai, ya gafarta mata abin da ta yi da saninta da wanda ba ta sani ba, ya ba ta hutu daga wahalar hannuwanta har ranar tashin matattu. Ya ta'azantar da Clara da yaranta, ya zama musu uwa da uba. Ina miƙa gaisuwar ta'aziyya ga Silvanus da dukan zuriyar Kumai a Kafanchan da Kagoma, ga fasto da matan zumunta da suka ɗauke ta da hannuwansu, ga Hajjo, wadda na ji ta zauna a baranda har rana ta faɗi, da Malam Lawal da ya ɗauki nauyin faɗa mini. Allah ya saka wa kowa, ya ba mu haƙuri. Amin.

In akwai wanda zai bi jirgin Kudu, ni ma a zo a yi mini gaisuwa. A garin nan babu wanda ya san ta.

Zamani Kumai
Fatakwal, Afrilu 1978