Uwani Mai Sharar Gishiri

Tun ina yaro nake ganin Gwaggo Uwani, ƙanwar babana, tana gangarawa fadamarmu ta kusa da Horo Birni da tsintsiya da ƙwarya. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mace ta bar tsakar gidanta ta tafi sharar gonar wani?

Ashe sana'a ce. Da rani ruwan rafinmu kan ja baya ya zama zartsi. Manoma su janyo shi da inji su ba albasa, ya bushe, ya bar wani farin ɓawon gishiri a kan ƙasa. Shi ne ke ƙone albasa. Shi kuma Gwaggo ke sharewa, ta tankaɗe, ta sayar wa Fulani su ba shanu su lasa. Da wannan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Tana da doka guda: ba ta shiga gona mai ita na ciki. Na taɓa tambayarta dalili, ta harare ni.

"Kai dai ba ka da kunya. Mutum na kukan albasatai, ni in duƙa gabanai ina kwasar riba?"

Bara sai ga ma'aikatan wani shiri na gwamnati. Suka tara manoman ɓangaren Bodinga da na Shagari, waɗanda rabon da su zauna inuwa ɗaya har an manta. Aka ce an ware kuɗin haƙa magudana da za ta wanke gishirin daga fadama, amma sai kowane mai fili ya yarda, in ba haka ba a kai aikin wani wuri. Kowa ya yarda. Saura fili ɗaya can gangare, inda dole magudanar ta bi. Na Gwaggo ne, kuma nan ne gishiri ya fi taruwa.

Tirƙashi! Dattawa da gemunsu aka rasa mai tunkararta. Wa zai ce wa tsohuwa ta sa hannu a kashe abincinta? Suka turo ni, wai ni ne ɗan lelenta. Raina ya ɓaci, amma na tafi, don ni ma ina son jin abin da za ta ce.

Na same ta tana tankaɗe. Na yi ta kewaye-kewaye, ta bar ni har na gaji.

"Ka gama? To je ka ce musu su haƙa."

"Gwaggo, kin gane kuwa? In aka haƙa, ba sauran gishiri."

"Ni za ka koya ma? Bana gonar da ta cika min ƙwarya sau biyu, ka san ta wa ce? Ta yaron ga ce."

Haruna take nufi, ɗanta na fari, wanda ba ta kama sunansa. Albasarsa ta ƙone ƙurmus, ya fita daga gonar bai ko waiwaya ba, ita kuma ta shiga da tsintsiya.

"Ɗana ne, amma na share," in ji ta. "Ba ni sakewa."

Aka haƙa. Bana fadama ta yi shar, Haruna ya cika rudu, wato rumbun ajiya, da albasa, ya aiko mata da buhu.

Ina gidanta ranar da Malami, Bafulatanin da ya fi kowa daɗewa yana saye a wurinta, ya zo da jakinsa ya yi sallama. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da ƙwarya cike da albasa ta ajiye gabansa.

Ya duba ƙwaryar, ya dube ta.

"Inna, shanu ba su cin wannan."

"Na sani, Malami," ta ce. "Ita kaɗai gare ni. Kai wa iyali."

Wallahi sai da na juya na fuskanci bango.